Daftari da Zane a Darasin Ƙirƙirar Labari: Abin da Makarantun Gwandu da Kalgo Ke Bukata

Daga cikin hanyoyin koyar da rubutu da suka cancanci a ba su muhalli a makarantun firamare na Gwandu da Kalgo akwai wadda ke sa yaro ya fara da zane da daftari kafin ya kai ga kammalallen labari. Daftari shi ne rubutun farko da ake yi da niyyar a sake shi, zanen kuwa hotuna ne na gaggawa da yaro ke jerawa domin ya ga wanda ya fito, da inda ya nufa, da abin da ya tare masa hanya. Darasin insha'i kamar yadda aka saba gudanar da shi ya saɓa wa wannan, domin malami kan rubuta take a allon aji, ya ba da rabin awa, sannan ya karɓi littattafai ya bi su da jan biro, kuma abin da yaro ke koya daga nan shi ne tsoron kuskure, wanda ke sa shi rubuta jimloli kaɗan da ya tabbata ba za a soke su ba.

Ƙasar Gwandu ba baƙuwar komawa kan rubutu ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin Gwandu, ya tattara waƙoƙin da ya tsara cikin shekaru masu yawa a littafin Tazyinul Waraƙati a 1813, ya kewaye su da bayanin lokaci da dalilin yin kowace, har aikin ya zama ɗaya daga cikin manyan madogaran tarihin jihadi. A makarantar allo ma, almajiri kan rubuta, ya kai wa malam a yi masa darasu, wato duba rubutun da gyara kurakuransa, sannan ya wanke ya sake. Saboda haka yaron da ya saba da allo ya riga ya san cewa rubutun farko ba shi ne na ƙarshe ba. Sai dai allo ana wanke shi, alhali daftarin labari ajiye shi ake so a yi, domin ta hanyar ajiye na jiya kusa da na yau ne yaro ke ganin inda labarinsa ya ƙaru, kuma wannan ganin ne ke ba shi ƙarfin zuciyar ci gaba.

Amfanin zane ya fi fitowa ga yaron da bakinsa ya riga hannunsa, wanda zai iya ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tiryan-tiryan amma ya kasa cika layi uku a takarda. Idan aka ce ya raba takarda gida huɗu ya zana gidan da manomi ya baro, da fadamar shinkafa, da inda ruwa ya ci hanya, da kasuwar da ya isa, to ya tsara farko da tsakiya da ƙarshe tun kafin ya rubuta harafi. Masu shirya fim sun daɗe da wannan dabara, wadda ta bunƙasa a kamfanin Walt Disney na Amurka a farkon shekarun 1930. Akwai iyayen da ke ƙyamar zana masu rai saboda dalilin addini, kuma ya wajaba malami ya girmama wannan, musamman da yake bai hana aikin ba: taswirar hanyoyi da gidaje da itatuwa da kibiyoyi ta wadatar, al'ummar da ta san zayyanar allon sauka kuwa ba za a ce ba ta san zane ba.

Batun tsadar takarda gaskiya ne, amma bayan tsohuwar takardar jarrabawa ya isa daftari. Abin da ya fi wuya shi ne sauya yadda ake ba da maki. Yaran wannan yanki suna magana da karin harshen yamma, wasunsu kuma Fulatanci ne harshen gidansu, don haka kyautuwa ya yi a bar su su zuba daftarin farko yadda maganar ta zo musu, a jinkirta ƙa'idojin daidaitacciyar Hausa zuwa kwafin ƙarshe, a kuma ware wani kaso na makin ga gyaran da yaro ya yi da hannunsa. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, su ne suka fi dacewa su sa ɗalibansu masu shirin koyarwa su rubuta labari sau biyu ko uku da kansu, domin malamin da bai taɓa soke sakin layinsa ya sake shi ba da wuya ya iya nuna wa ɗan aji huɗu yadda ake yi.