Masu Karanta Dare a Bakin Dajin Rugu

A ƙauyukan da ke gefen Dajin Rugu, tun daga Ruma da Wagini a ƙasar Batsari har zuwa Runka da Zakka a ƙasar Safana, akwai wani ilimi da ba a rubuta shi a allo, ba a kuma ba da takardar shaida a kansa. Ilimin sanin dare ne. Masu shi tsofaffin mafarauta ne, da makiyaya, da manoman da suka sha kwana a gona suna gadin amfani. Idan wani abu ya yi kuka bayan sallar isha'i, za su faɗa maka sunansa, da abin da ya fito nema, da inda zai koma kafin asuba. Abin da ya fi burge ni da su shi ne yadda suke sauko da wannan sani har ya shiga kan yaro ɗan shekara biyar, ya maye gurbin tsoron da ke zuciyarsa.

Tambayar yaro ta farko ba ta wuce wannan: "Baba, me ya hana su barci?" Dattijo yakan amsa da abin da yaron ya riga ya sani a jikinsa, wato zafi. A bazara, watannin Maris da Afrilu, zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40. Ƙaramar dabba irin bushiya ko ɓera, in ta fito a irin wannan rana, ruwan jikinta zai ƙafe, ga shaho da shirwa suna shawagi a sama. Don haka sai ta yini a rami, ta jira sanyi da duhu. Masu farautarta kuma dole su bi ta inda take, sai su ma suka mayar da dare ranarsu.

Daga nan sai horon kunne. Ana zaune a tabarma a tsakar gida, dattijo zai ce wa yaro ya rufe ido, ya nuna da yatsa inda sauti ke fitowa. Wancan ƙara mai tsini da ba ya yankewa, gyare ne, kuma ba da baki yake yi ba, fikafikansa yake gogawa da juna, namijin ne ke kiran mace. Hayaniyar bakin tafki da damina, mazan kwaɗi ne, su ma kiran da suke yi ke nan. Haushin da ke ƙarewa da dogon kuka daga nesa, dila ne. Da zarar sauti ya sami suna, yaron ya daina maƙalewa a jikin kakarsa, ya koma neman na gaba.

A nan ne mujiya ke shigowa, tsuntsun da camfi ya ɓata wa suna, har ana cewa kukanta mugun labari ne. Manomin da ya san ta ba ya yi wa yaro doguwar gardama. Da safe zai kai shi gindin kuka ko tsohon kangon da take kwana, ya nuna masa wasu 'yan dunƙule masu launin toka a ƙasa. Aman mujiya ke nan, domin takan haɗiye ɓera ɗungurungum, daga baya ta amayo abin da cikinta bai narkar ba. Sai ya sa tsinke ya fasa ɗaya. Ga gashi a cure, ga 'yan ƙasusuwa sirara, ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa biyu na gaba. "To, ɗan nan, wa ke tsare mana rumbu muna barci?" Yaron da ya ga wannan da idonsa, da wuya ya sake ɗaga danƙo ya harbi mujiya.

Binciken masana ya gaskata abin da manomi ya gani. Farar mujiya mai faffaɗar fuska tana da kunne ɗaya sama da ɗaya, abin da ke ba ta damar gane daidai inda motsi yake, har ta cafke ɓera a duhun da ba a ganin tafin hannu. Gashin fikafikanta mai laushi ne, gefensa kuma kamar haƙoran mataji, shi ya sa ba a jin tashinta. Idonta ba ya juyawa a gurbinsa, amma wuyanta na da ƙashi 14, ninkin namu 7, don haka tana iya juya kai har digiri 270.

Jemage kuwa, masani yakan raba wa yaro shi gida biyu. Ƙaramin da ke wulgawa a tsakar gida da magariba ƙwari yake kamawa. Yadda yake yi sai an kai yaro bakin rijiya ya yi kira ya ji amsa-kuwwa: haka jemagen ke fitar da siririn sautin da kunnenmu ba ya ji, sautin ya bugi abu ya dawo, sai ya gane ko bango ne ko ƙwaro. Wani masani ɗan Amurka, Donald Griffin, shi da abokin aikinsa Robert Galambos, su suka tabbatar da hakan wajejen 1940. Babban jemagen da ke lilo a reshen mangwaro shi da ido da hanci yake aiki, 'ya'yan itace yake ci, ya kai irinsu nesa ya zubar, wata bishiyar ta tsiro inda babu wanda ya shuka.

Akwai kuma darasin tocila. Idon kyanwa da na dila suna ƙyalli in an haska su, saboda wani shimfiɗi da ke can bayan idon mai mayar da haske, wanda mu ba mu da shi. Mafarauci yakan duba tsayin idon daga ƙasa da tazarar da ke tsakaninsu, ya san mai su. Jan idon da ke kwance a tsakiyar hanya yautai ne, 'yan ɗigon hasken da ke cikin ciyawa kuma gizo-gizo ne.

Amma inda gwaninta ke cika shi ne karatun sawu da sassafe, kafin shanu su tattake hanya. Gwani yakan fuskanci rana tun tana ƙasa-ƙasa, domin a lokacin ne inuwa ke kwanciya a cikin sawu, ya fito sarai. Sawun dila da na kare suna nuna farce, na kyanwar daji ba ya nunawa, don ita ɓoye farcenta take yi in tana tafiya. Zomo in yana gudu, ƙafafun baya ne ke sauka a gaban na gaba. Rogon da aka tone aka gwaguya, ga ƙaya mai baƙi da fari a gefe, beguwa ce ta zo. Kuma ba harba ƙayar take yi ba, da baya take afka wa maƙiyi ta bar masa ita a jiki. Gafiya, mai farin rabin wutsiya, a kumatu take kwasar gyaɗa zuwa raminta. Yara kan ware ido in suka ji cewa a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya ƙungiyar APOPO na horar da 'yar'uwarta ta shinshino nakiyoyin da aka binne da kuma cutar tarin fuka. Ɗaya daga cikin gafiyoyin da aka horar, mai suna Magawa, ya sami lambar zinariya a 2020 saboda aikinsa a Kambodiya.

Wannan ilimi ba ya ce wa yaro babu abin tsoro. Yana nuna masa inda ya dace ya ajiye tsoron ne. Kunama da kububuwa su ma da dare suke yawo. Kububuwa in ta fusata takan goga ɓawon jikinta da juna ta yi wani ƙara, wanda ya ji shi sai ya ja da baya. A kakkaɓe takalmi kafin a sa, kada a fita babu haske, kada a zura hannu a rami. Wanda aka sara, a garzaya da shi asibiti, ba tsaga ba ɗauri.

Yau rashin tsaro ya raba mutane da dajin, masu wannan sani kuma suna ta tsufa. Sai dai koyar da shi ba ya buƙatar shiga Rugu. Malamin firamare zai iya gayyato dattijo ɗaya ya zauna da 'yan aji. Uba kuma zai iya baza rairayi mai laushi kusa da rumbu ko gindin danga da yamma, ya lallaɓe shi da tafin hannu, da safe ya tara yaransa su duba waɗanda suka ratsa. Duk sawun da ya gagare su, su je su tambayi kakansu tun yana nan.