Takalmin hawan dutse mai bakin shaho: da wane dutse ake magana?

Akwai wata shawara da ke yawo a bidiyoyin YouTube da TikTok, kuma ta fara isowa ga matasan Romi da Sabon Tasha masu sha'awar hawan dutse. Wai in kana son zama gwani, ka sayi takalmin da bakinsa ya lanƙwasa ƙasa kamar na shaho, ka rage lamba biyu daga wadda ka saba sawa, zafin da za ka ji kuwa alama ce ya zauna daidai. Ba ƙarya zalla ba ce. Sai dai dutsen da suke nufi daban, wanda muke da shi daban.

An ƙera irin wannan takalmi, kamar La Sportiva Solution, domin dutsen da ya sunkuyo kan mai hawa, inda jiki ke rataye, yatsun ƙafa kuma suna jan dutse kamar ƙugiya. Lanƙwasar tana tara ƙarfin ƙafa duka a kan babban yatsa, har mutum ya iya dogara da ɗan tsinin da bai kai faɗin farce ba. A nan babu gardama, yana aikinsa.

To amma dubi Kufena a Zariya, ko duwatsun Kajuru. Giranit ne mai siffar ƙwarya a kife, yawancin fuskarsa gangare ne mai sulɓi, babu abin kamawa. A irin wannan wuri gogayya tsakanin roba da dutse ce ke riƙe mutum. Lissafin mai sauƙi ne: a gangare mai digiri 45, ƙarfin da ke jan ka ƙasa daidai yake da wanda ke manna ka da dutsen, don haka sai ma'aunin gogayya ya kai 1 kafin ka tsaya. A sakandare an koya mana cewa faɗin wurin da abu biyu suka haɗu ba ya canza gogayya. Ita roba ba ta bin wannan doka sosai. Tana lotsawa ta shiga ƙananan ramukan dutse, kuma idan aka tara nauyi a ɗan wuri, ma'aunin riƙonta raguwa yake yi. Ke nan a gangare so ake tafin takalmi ya kwanta sosai. Mai bakin shaho kuwa ɗaga tafin yake yi daga dutse, wato akasin abin da ake nema. Ban ga bidiyon da ya tsaya ya bambance wannan ba, sai dai a nuna kwali, a faɗi kuɗi.

Ga misali daga wanda su kansu masu bidiyon ke yabo. Ranar 3 ga Yuni, 2017, Alex Honnold ya hau El Capitan a Amurka, kusan mita 900, babu igiya. Takalmin da ya sa, TC Pro, tafinsa kusan a miƙe yake. A fim ɗin Free Solo na 2018 ma, ɗaya daga wuraren da suka fi tayar masa da hankali gangare ne mai sulɓi, inda roba kaɗai ke tsakaninsa da faɗuwa.

Maganar rage lamba biyu ta fi ba ni haushi. Tana da ma'ana ga takalmin fata marar shafi a ciki, wanda ke buɗewa bayan an ɗan sa shi. Da yawa daga na yanzu da kayan roba da zare aka yi su, da ƙyar suke buɗewa. Ƙara da cewa ƙafa tana kumbura a zafi, ka ga abin da zai biyo baya: farce ya mutu, babban yatsa ya fara karkata. Kuma ai ƙafar da ke raɗaɗi ba a yarda a ɗora mata nauyi, nauyin nan kuwa shi ke sa roba ta kama.

Su waɗannan bidiyoyi ba ruwansu da yanayinmu. A zafin Maris da Afrilu, dutsen da rana ta gasa yana sa roba mai laushi ta ƙara laushi, ta riƙa zamewa, ta cinye da wuri, gam ɗin da ya riƙe ta ma yana iya saki. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga tsakani, sai ka ga kana taka ƙura, ba dutse ba. Goge tafin da hannu kafin a fara ya fi wani ƙarin kuɗi amfani. Wanda zai saya a gwanjo, ya danna robar da farce. In ta taurare tana sheƙi, ta tsufa, komai sunan kamfanin da ke jiki.

Idan mutum ya samu ƙaton dutse mai rumfa yana son gwada ƙarƙashinsa, to ya nemi mai bakin shaho. Ga gangaren Kufena, mai miƙaƙƙen tafi ya ishe shi, wanda yatsu ke taɓa gaba ba tare da sun naɗe ba, a gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta gama kumbura. A kuma tafi da kambas a jaka, domin duk takalman nan biyu ba a yi su don saukowa ba.