Gwani a Kan Dukushi

Idan aka cire amfanin gona a Dugabau, aka yanke karan dawa, aka ɗaure harawa aka jibge a kan rumfuna, gonakin bayan gari sukan koma fage. Da la'asar sakaliya samari masu dawaki ke fitowa kilisa, wani a kan nasa, wani a kan na aro, ƙananan yara na biye da su a kan dokin kara. A irin wannan yammacin na ga wata 'yar gardama da har yau nake juya ta a raina.

Samarin sun haɗa gasa a tsakaninsu, ta shirin hawan salla. A sako doki daga gindin wata ɗorawa, a zo a yi zamiya a gaban dattawan da ke zaune kan tabarma, a jinjina, a juya. Wanda dokinsa ya fi tsayawa daidai, shi ke da ƙwaryar goron da aka yi karo-karo aka saya. Ana cikin jera layi sai ga wani dattijo, wanda ya haura shekara talatin yana hawa a tawagar hakimi, ya kutso a kan wani dukushi bikili.

Wani saurayi ya ce, "Haba Baba, ku ma a cikinmu? Ai layin nan na 'yan koyo ne. In kun shigo, mu kuma me za mu samu?"

Dattijon ya ce, "Gaskiyarka ɗana, ni na daɗe da wuce koyo. Amma wannan da ke ƙarƙashina, bara war haka yana kasuwar Maigatari, watansa huɗu da sanin sirdi. Wanda kake kai kuwa na mahaifinka ne. Sau nawa ya je hawan Daushe?"

Yaron ya yi shiru, don amsar ta fi biyar.

Mai kallon hawa mutum ɗaya yake gani yana gasa, alhali rai biyu ne suka shigo fage, kuma kowanne da iyakar karatunsa. Wanda bai san yadda ake mayar da dukushi dokin hawa ba, ba zai iya yanke hukunci a wannan gardamar ba. Aikin kuwa tun daga turke yake farawa, tun sirdi bai zo kusa ba. Wanda zai hori doki shi ke kai masa harawa da dusa da kanwa, shi ke shafa shi, ya ɗaga ƙafarsa ya kankare kofato, har dabbar ta san ƙamshinsa da muryarsa. Ragama ce darasin farko: a ja ka ka biyo, a tsaya ka tsaya. Kafin a yi maganar ɗora nauyi, gwani sai ya buɗe baki ya duba haƙori, domin haƙori ba ya ƙarya irin ta dillali. Dukushi na famfarar haƙoran tsakiya yana da kamar shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, a shekara biyar baki ya cika. Wanda ya yi gaggawar ɗora ƙato a bayan da bai ƙosa ba, ya sayi ciwon baya da gardama na shekaru. Saboda haka ake bi daki-daki. Yau jalala kaɗai, a bar shi ya shinshina, ya yi ta zagaye da ita. Bayan kwanaki sirdi, majayi a sassauce, kullum a ƙara matsewa kaɗan. Sannan a samu yaro marar nauyi ya kwanta a kan sirdin ta ciki, ya sauka, ya sake.

Inda gwaninta take zaune sosai shi ne linzami. A bakin doki akwai gibi tsakanin haƙoran gaba da turame, wurin da babu komai sai dasashi a kan ƙashi, nan ƙarfen ke kwanciya. Linzaminmu na gargajiya kuwa ba abin wasa ba ne: yana da zobe da ke zagaye haɓa, da wani harshen ƙarfe da ke tokarar ganɗa idan an ja. An ƙera shi ne don yaƙi, inda hannu ɗaya ke riƙe da kamazuru, ɗayan da mashi, kuma dole doki ya tsaya nan take. A hannun ɗan koyo wannan ƙarfen azaba ne, domin shi kamazuru madafarsa ce, da ita yake riƙe kansa kada ya faɗi. Doki ya yi daidai, ana ja. Ya yi kuskure, ana ja. To ta ina zai gane abin da ake nema? Sai baki ya yi jini, ya warke, ya yi kanta, a wayi gari ana cewa dokin mai taurin baki ne, alhali hannu ne ya kashe bakin.

Gwani ya san sakin ne ke koyar da doki. Yakan ɗan taɓa kamazuru, ya jira. Da zarar dokin ya sassauta muƙamuƙi, ko ya rage taku ɗaya, sai ya sakar masa, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan sakin shi ne ladan, shi ne "madalla" a harshen da doki ke ji. In ya makara da daƙiƙa biyu, ya saka wa dokin a kan wani abin daban. Dabbar da ke jin saukar ƙuda a fatarta har ta karkaɗa wurin, ba ta bukatar a fizge ta. Haka kaimi: a dugadugan gwani nuni ne, shi ya sa ba ka ganin tabo a haƙarƙarin dokinsa. Abin takaicin shi ne duk wannan ba ya ganuwa daga tabarma. Mahayin da ke ta bulala da ihu da tabariya shi ke samun guɗa, wanda ya zauna shiru kamar an dasa shi sai a ce ya yi sa'ar doki mai hankali.

Zamiya ma haka. Doki a halittarsa ya fi ɗora nauyi a ƙafafun gaba, kusan kashi 60 cikin 100. Kafin ya tsaya cak daga sukuwa ba tare da ya kifa ba, sai ya turo ƙafafun baya ƙarƙashin ciki, ya sauke ƙugu kamar zai zauna. Wannan ƙarfi ne da ake ginawa wata da watanni, daga tafiya zuwa tsayuwa, daga sassarfa zuwa tsayuwa, sannan sukuwa. Mahayi yakan fara da zama: ya nutsa cikin sirdi, ya ɗaga ƙirji, ya rungumi cikin dokin da ƙafa. Hannu shi ne na ƙarshe. Dokin da ya horu yana jin zaman nan ya riga ya fara tsayawa, linzami sai dai ya tabbatar. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, ya ga jerin dawaki sun taso a guje, sun ƙame 'yan taku kaɗan gaban Sarki ana jinjina, wato jahi, ya ga ƙarshen karatun. Farkonsa yana irin wannan gonar ta bayan gari. Tsohon ilimi ne. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, tsakanin 1390 da 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma dokin da ke ɗauke da wannan kaya in bai iya tsayawa da juyawa ba, ya kai mai shi ga halaka. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, amma rawani da alkyabba aka fi ɗauka a hoto, horon da ke ƙarƙashinsu ba ya shiga kyamara.

Saura darasi ɗaya da ba a iya bayarwa a barga, wato taro. Doki dabba ce mai gudun abin tsoro, idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa, ƙyallen da iska ta ɗaga ma ya isa ya zaburar da shi. Ga shi ana so ya tsaya a tsakiyar kakaki da algaita da tambari da ƙarar bindiga. Masu horo kan bi da dukushi ta bakin kasuwa, su tsayar da shi kusa da injin niƙa, su sa yaro ya riƙa buga gwangwani yana cin dusa. Duk da haka, ranar da ya fara ganin dawaki ashirin a layi, ga ƙura ga ihu, sabon abu ne a gare shi. Ina za a kai shi ya koyi wannan? Ba a fafe gora ranar tafiya, ba kuwa za a fara da Ƙofar Kudu ba. Ajinsa shi ne ajin 'yan koyo, kuma babu mai iya raka shi wannan ajin lafiya sai wanda ya ƙware. Ɗan koyo a kan ɗan koyo, ɗaya daga cikinsu sai ya kwana wurin mai ɗori.

Turawa ma suna wannan gardamar, har ta fi tamu zafi, don su sun mayar da horon doki wasa mai maki. Suna kiransa diresaj, kalmar Faransanci ce da ke nufin horo, kuma tun 1912 yake cikin wasannin Olamfik. Fagensa mita 60 ne a tsawo, 20 a faɗi, alƙalai na ba kowane motsi maki daga sifiri zuwa goma. A ajin farko babu komai sai tafiya da sassarfa da zagaye, da tsayuwa a tsakiyar fage a gai da alƙali, kusan jahi ba tare da sukuwa ba. Babban aji kuwa, a gasar ƙasa da ƙasa, ba a shigar da dokin da bai kai shekara takwas ba. Ke nan kowane zakaran doki ta ƙaramin aji ya biyo, kuma ƙwararre ne ya biyo da shi. Sai mai aikin ofis da ke hawa ranar hutu ya biya kuɗin shiga, ya tarar da wanda hawa ne sana'arsa a layi ɗaya da shi. Maganin da suka samo a Ingila shi ne raba aji gida uku, tagulla da azurfa da zinariya, gwargwadon abin da mahayi da dokinsa suka taɓa cimmawa. Jarrabawa ɗaya, alƙali ɗaya, amma kyauta kowa a rukuninsa.

Ba sai mun je Ingila ba ma. 'Yan folo, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya raya a ƙasar Hausa, ɗansa Usman Nagogo kuma ya shahara a kai, sun daɗe da warware tasu. Kowane ɗan wasa yana da daraja, daga biyu ƙasa da sifiri har zuwa goma. Ana haɗa darajar 'yan wasa huɗun kowane ɓangare, ɓangaren da ya gaza sai a ba shi ƙwallayen rangwame tun kafin a fara. Ba a kori gwani daga fili ba, an dai sa gwanintarsa a ma'auni.

Ni dai a nan na tsaya. Ƙorafin saurayin nan ba shirme ba ne. Gwani ko a kan dukushi yana da abin da yaro ba shi da shi: ba ya rikicewa, ya san inda zai fara zama, yana gyara kuskure tun bai fito fili ba. Kuma akwai masu fakewa da wannan hujjar. Na san irin mahayin da zai hau tsohon ingarman da ya haddace jahi kamar Fatiha, ya shiga cikin yara don a kira sunansa, ya tafi da goro. Wannan cin zali ne, ko da babu dokar da ta hana. Sai dai a faɗi ɗaya gefen ma: yaron da ya hau dokin mahaifinsa, horon shekara goma na wani ya aro, dokin ne ke yi masa jarrabawa. Babu wanda ya taɓa cewa a fitar da shi daga layi, ni ma ban ce ba, don a kan irin wannan dokin ake koyon hawa. Abin da ba na so shi ne a kori dattijon. Ranar da ya daina zuwa fage, samarin sun rasa wurin da za su ga hannun da ba ya motsi, garin kuma ya rasa wanda zai horar da dawakin da ƙannensu za su hau.

Dattawan kan tabarma ba su ja maganar ba. Babbansu ya ce mai dukushin ya shiga layi, amma goro na yara ne. Aka sako dawaki ɗaya bayan ɗaya. Dokin mahaifin saurayin ya taso, ya yi zamiyarsa tun yaron bai gama jan kamazuru ba, har ya kusa zubo shi ta kan wuya, aka yi shewa. Da aka zo kan bikilin, ya taho da kyau har rabin fage, sai wani yaro ya ɗaga buhu, ya zabura gefe. Dattijon bai ɗaga bulala ba. Ya mai da shi kan hanya da ƙafa, ya zauna, dukushin ya tsaya a karkace, taku biyu gaba da inda ake so. Nan take ya sakar masa baki, ya shafa wuyansa. Sannan ya juya da shi a tafiya har gindin ɗorawar, ya sake kawo shi da sassarfa, ya wuce da shi ta gaban yaron mai buhu sau biyu, ya tsayar. Wannan karon ƙafafun huɗu a jere suke.

Ana rabon goro ya sauka, ya sassauta majayi, ya kama ragama ya nufi gida a ƙasa. Saurayin da ya ci gasar ya biyo shi da goro biyar a hannu, yana cewa, "Baba, don Allah gobe in na zo, ku duba mini yadda nake riƙe kamazurun nan."

"Ka zo da asuba," in ji dattijon, "ka fara da kwashe kashin barga."