Fatsar da ba ta kai kifi tukunya

A unguwar Ash Town ta Kumasi, idan ka ce wa mai shinkafa da wake ta sa maka "saman", ba za ta tambaye ka wane iri ba. Gutsuren kifin nan mai ratsi a baya za ta ɗora maka, wanda ake fitowa da shi a daskare daga ɗakunan sanyi na Asafo. Sunan daga salmon na Turawa aka aro shi, amma kifin ba shi ba ne. Shi ne wanda 'yan Najeriya ke kira titus. Salmon na gaskiya bai taɓa iyo a ruwan Gana ba. Shi da ɗan'uwansa turawut ruwan sanyi suke so, irin wanda ke gangarowa daga duwatsu, ruwa na ɗumama kuma sai su fara galabaita.

Ɗan yayata da ke aiki a wani otal a Sikotilan ne ya jawo mini wannan nazari. Ya zo hutu, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, ya buɗe wayarsa yana nuna mana wani Bature tsaye cikin kogi, ruwa har ƙugu, yana ta wurga zare gaba da baya kamar mai korar kaji da bulala. A gefensa wani dattijo riƙe da raga. Can kifi ya kama, aka yi ta ja-in-ja, dattijon ya tare shi da ragar, kifi ne kamar cinyar ƙato. Aka zare ƙugiya, aka ɗau hoto, aka mayar da shi ruwa.

Goggonmu ta matso da tabarau. "Kai ɗan nan, haramun ne a wurinsu, ko dafi gare shi?"

"A'a Goggo, haka ake yi. Sai da ya biya kuɗi ma aka bar shi ya shiga ruwan."

Ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta koma kan tsince shinkafarta.

Fatsa ce, amma ba irin tamu ba. Mu tana muke sa wa ƙugiya, ko gara, mu ɗaura ɗan dalma don zaren ya nitse. Su ƙwaron ƙarya suke ɗaurawa: ƙugiya ce aka naɗe da zare da gashin zakara ko na ɗawisu, har da na zabo, ta fito kamar ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa a kan ruwa. Ba ta da nauyin da za a jefa ta, saboda haka nauyin a jikin zaren yake, shi ake kaɗawa a iska har ya miƙe ya ajiye ƙwaron a hankali gaban kifi. Koyon wannan jifa kaɗai kan ci watanni. A kogin Spey, inda itatuwa suka tsare bayan mai fatsa, sun ƙirƙiro wata jifa da ba ta bukatar fili a baya, har yau da sunan kogin ake kiranta. Wani abin mamaki kuma, salmon ɗin da ya dawo daga teku don ya yi ƙwai a kogin da aka ƙyanƙyashe shi ya daina cin abinci, amma duk da haka yakan kai wa ƙwaron cafka.

Al'adar ta tsufa. Wajen shekara ta 200 wani marubucin Rum, Aelian, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya. A 1496 aka buga wani littafi a Ingila mai bayanin ƙwari goma sha biyu. Inda abin ya fi ba ni dariya shi ne rigimar da ta biyo baya. Frederic Halford, wanda littafinsa na farko ya fito a 1886, shi da mabiyansa suka tsaya a kan cewa a kogunan kudancin Ingila irin su Test, mutumin kirki ba ya jefa ƙwaro sai mai yawo a saman ruwa, kuma sai ga kifin da ya gani da idonsa. G. E. M. Skues ya ce ai kifi ya fi cin tsutsar ƙwaron a ƙarƙashin ruwa, don me za a hana kwaikwayonta? Har zaman muƙabala aka yi a Landan a 1938. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar Zongo lokacin gardamar ƙabalu da sadalu zai gane yanayin.

Ni dai dattijon mai raga ne ya tsaya mini a rai. A Sikotilan gili ake kiransa. Koguna irin su Tay da Dee da Tweed an yanka su gaɓa-gaɓa, haƙƙin kamun salmon a kowace gaɓa mallakar wani ne, haya ake biya ta yini ko ta mako, ranar Lahadi kuma doka ta hana. Baƙo zai zo da sanda mai tsada, amma bai san bayan wane dutse kifi ke kwanciya ba, bai san abin da ƙaruwar ruwa da taƙi ɗaya ke sauyawa ba, bai san ko yau ranar ƙwaro mai duhu ce ko mai haske ba. Gili ya sani, galibi daga ubansa ya gada. Salmon mafi girma da aka kama da sanda a Birtaniya, mai kusan kilo 29, 'yar wani gili ce ta kama shi, Georgina Ballantine, a kogin Tay a Oktoban 1922, ubanta ne ke riƙe da jirgin. Ba da ƙwaron ƙarya ba ne ma, kuma ba a sake shi ba: asibitin garin Perth aka kai wa, aka ci. Sakin kifi sabon abu ne. Salmon ne ya yi ƙaranci, har a 2023 aka sa na Birtaniya cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, yau fiye da tara cikin goma na wanda aka kama a Sikotilan ruwa ake mayar da shi. A tafkunan haya kuwa, inda mai ƙaramin ƙarfi ke zuwa, turawut ɗin kiwo ake zubawa, kamar a juye maka tarwaɗar kandami a ce je ka yi farauta.

Kafin mu gama yi musu dariya, mu hau tiroro mu je Bosomtwe, kilomita 30 ko makamancin haka daga Kumasi. Tafki ne a cikin ramin da wani dutse daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Tonawa suna girmama shi, sun ce nan rayukan mamata ke zuwa yin ban kwana, kuma al'adarsu ta hana ƙarfe taɓa ruwan. Saboda haka masuncin Abono, wani ƙauye a bakin tafkin, ba ya shiga kwale-kwale. Wani falankin katako yake hawa, padua, ya zauna a kai ƙafafu cikin ruwa, kwando a gabansa, yana tuƙi da hannuwa ko da 'yan sakaina. Na tsaya na kalli wani da sassafe yana jefa birgi daga kan wannan katako ba tare da ya karkata ba, ya jawo 'yan karfasa, apatre a bakinsu, waɗanda ba su wuce tafin hannu ba. Wannan ma mutum ne da al'ada ta ɗaure wa hannu da gangan. Haka a Argungu: ruwan Matan Fada a rufe yake sai lokacin bikin kamun kifi, ba a shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma da homa da gora kaɗai ake shiga. Tun 1934 ake yin bikin a siffarsa ta yanzu. Halford da ya ga wannan da ya fahimta. Kowane ruwa da aka daɗe ana ci daga gare shi, mutanensa sun samo hanyar hana kansu kwashe shi a yini ɗaya, wasu da tsafi, wasu da sarauta, wasu da takardar haya.

Bambancin yana wurin ciki. Na Bosomtwe da ya dawo da kwando wayam, gidansa ba miya. Na Tay kuwa otal zai koma a kawo masa abinci. Shi ya sa ban ga laifin Goggo ba, kuma ba ita kaɗai ba ce. Risalar da muka karanta a makarantar zaure ta karhanta farauta don wasa kawai. Suwizalan ma, tun 2008, ta hana mutum ya jefa ƙugiya da niyyar sakin abin da ya kama, don a ganinsu azabtar da dabba ne ba dalili. Mai fatsar Sikotilan zai ce sakin ne ya bar sauran kifi a kogin, kuɗinsa kuma shi ke biyan masu gadi. Gaskiya ne. Amma gaskiyar ba ta cire ƙugiya daga bakin kifin ba, kuma ba ta sauya cewa kogin na mai kuɗi ne ba.

Afirka ma tana ciki, ta ƙofar baya. A 1905 Ewart Grogan ya kawo turawut kogin Gura a tsaunukan Aberdare na Kenya, don Turawan mulkin mallaka su sami abin da suka baro a gida. Yau ɗimbin ƙwarin ƙaryar da ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka a Kenya ake ɗaura su da hannu. Kusa da mu kuma, a kogin Faro na arewacin Kamaru, baƙi na biyan dubban daloli don a kai su su jefa wa giwan ruwa da tsage ƙwaro, su ɗau hoto, su saki. Giwan ruwan da Sarkawa suka san makwancinsa kaka da kakanni ke nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne can an yi wa sanin ruwa farashi, a nan kuwa kifin kaɗai muke saye. Masuncin da ya san zurfin Bosomtwe gaɓa-gaɓa, ko Basarken da ke kallon launin ruwa ya faɗi abin da ke ƙasa, ba wanda ke biyansa don ya koyar, 'ya'yansa kuma sun fi son tuƙa keken Pragya a Kumasi. Ranar da na je Abono, na tambayi mai padua ɗin nawa zai karɓa ya koya mini hawa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce in dai sayi kifin.