Kafin Mai Bishara Ya Buɗe Baki

Na taɓa zama a inuwar wani ɗan coci na ƙauye a ƙasar Malumfashi, ranar da wani mai aikin fassara ya zo gwada abin da ya rubuta. Ya tara dattawa huɗu da wasu mata, ya karanta musu misalin nan na mai shuka wanda irinsa ya faɗi a wurare dabam-dabam, sannan ya rufe takarda ya ce a maimaita masa da baki. Wani tsoho ya gyara zama ya ce, "Malam, wannan mutum da hankalinsa kuwa? Wa ke zuba iri a kan hanya?" Da gaskiyarsa. Shi dai shukar da ya sani ita ce ta gero da dawa: a sara rami da sungumi, a jefa iri, a rufe da diddige. Mai fassarar bai yi musu ba. Ya ce, "Baba, shinkafar fadama fa, yaya ake yi da ita?" Tsoho ya ce, "Ai wannan yafawa ake yi." Sai na ga malamin ya sunkuya ya soke kalma ɗaya, ya rubuta wata. Mutumin da ɗazu aka ɗauka wawa ya koma manomi.

Wannan ita ce sana'ar da nake so in yaba. Idan ana maganar aikin mishan, mai wa'azi ake gani, shi ke da murya da taro. Amma duk abin da zai faɗa, wani ya riga ya kwana yana auna shi kalma-kalma. Jarin mai fassara kunne ne. Iya Girkanci da Ibrananci dole ne, amma idan bai san yadda mace ke yi wa ɗanta faɗa ba, ko yadda ake cinikin akuya, abin da zai fitar ba zai wuce takarda ba.

Tun farkon al'amarin haka yake. James Schön, Bajamushen da ya yi aiki da ƙungiyar mishan ta CMS, bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Hausarsa daga bakin bayi 'yantattu ya fara tsintar ta, sannan daga bakin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Da taimakon Dorugu aka fitar da Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, kuma labaran da ya riƙa bayarwa suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Sunan Schön ne a bango, amma harshen na Dorugu ne, wanda ya dawo gida ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Bayansu a aikin fassarar sai Likita Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus, ya iso Kano a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su, ya zauna a Zariya daga 1905. Sai a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito, shekara 75 bayan Matiyun farko.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne wurin zaɓen kalmomin addini. Waɗannan mutane sun tarar da Hausa ta riga ta ƙoshi da su, saboda ƙarnonin da ta yi tare da Musulunci da Larabci: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, Attaura, Zabura, Linjila. Suna iya ƙin su, su ƙago nasu, su tsira daga zargi. Da sun yi haka da littafin ya zama baƙo har abada. Suka ɗauke su, tare da sanin cewa kowace kalma tana zuwa da kayanta, kuma mai koyarwa zai yi aikin bayyana inda ma'ana ta haɗu da inda ta rabu. Har yau ba a gama ba: a wani coci za ka ji Yesu Kristi, a wani Yesu Almasihu, wasu kuma sun fi son Isa idan suna magana da maƙwabtansu Musulmi.

A ganina babu zaɓen da ya kai na kalmar almajiri. Da ita aka kira mabiyan Yesu goma sha biyu. Asalinta daga Larabci ne, mai hijira, wanda ya bar gida. Bahaushe ba ya bukatar sharhi: almajiri yana barin iyaye, ya zauna gaban malami, ya yi masa noma da ɗiban ruwa, ya ga yadda yake cin abinci da yadda yake haɗiye fushi, wata rana shi ma ya kafa tasa makarantar. Duk abin da littattafan mishan ke cika shafuka suna bayani game da rainon sabon mai bi, kalma ɗaya ta ɗauke shi. Gaskiya ne yau kalmar ta sha wahala, har wasu ba sa jin komai a cikinta sai bara da ƙoƙo. Wannan laifin zamani ne. Mai bisharar ƙauye da ya ɗauki saurayi ya zauna a gidansa, suna noma tare da safe, da dare suna karatu a hasken aci-bal-bal, ya fi kowa sanin abin da ake nufi da ita.

Wasu wuraren kuma sauƙi ne, har abin ya ba mutum dariya. Raƙumi da kafar allura, makiyayi da tumaki, kuturu, mai karɓar haraji, rijiya a bakin gari, gurasa: Bature na bukatar hoto da bayani, Bakano ya gan su jiya.

Wani abin da Miller bai tsara ba shi ne inda littafin ya fi samun masu karatu. Birom da Angas da Bajju da Tangale da Bachama ne suka rungume shi, makarantun Baibul irin na Kagoro da Gindiri suka horar da masu bishara da Hausa, ta zama harshen coci daga Filato har Maraɗi. Wannan ya ƙara wa mai fassara nauyi, domin dole jimlarsa ta gamsar da Bazazzagi, kuma kada ta gagari wanda Hausa harshensa na biyu ne. Shi ya sa aka sake fassarar a 1979, da Hausa mai sauƙi.

Ga masu wa'azinmu na yau, musamman na birni da ke tunani da Turanci suna furtawa da Hausa, roƙona ɗaya ne. Kafin ku hau mumbari ranar Lahadi, ku nemi tsohuwa ɗaya ku karanta mata abin da kuka shirya, ku rufe takarda, ku ce ta maimaita muku.