Gayya Ta Bar Gona, Ta Koma Kan Hanya

Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta, da wuya ka ga ƙasar da ba ta da mai ita. Gona na jingine da gona, gida na kallon gida. Tun a shekarun 1960 masanin nan Michael Mortimore ya lura cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kewayen Kano ana nome ta duk shekara ba hutu, da taimakon takin da jakuna ke jigila daga birni. A irin wannan cunkoso gayya ta yi ƙarfi, domin kowa ya san wanda ya fito da fartanya da wanda ya maƙale a ɗaki.

Masu yabon gayya sukan kira ta aikin sa kai. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Gayya bashi ce. Idan ciyawa ta rufe gero a lokacin firi ko maimai, mai gona ya sanar da sarkin noma, a kwana ana dakan fura, gari ya waye gangar noma na kiran samari da kirarinsu. Ba a ba kowa ko sisi, amma duk wanda ya sha furar nan ya san ranar tasa na zuwa, kuma wanda ya ƙi zuwa ta wani zai yi tasa shi kaɗai. Saurayi mai neman aure yakan kai abokansa gonar surukai. Nan ma ana auna shi ne, a ga ko yana da jama'a.

A nan raunin al'adar yake, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Mai rumbu cike shi ke iya ciyar da taro, don haka shi ya fi samun hannu. Talaka yakan bar tasa gonar cikin ciyawa ya je ta mai unguwa. Gayyar da ta fi cancantar yabo ita ce wadda ba kiɗa a cikinta: ta gonar majinyaci, ko ta matar da miji ya rasu ya bar ta da marayu, inda maƙwabta ke zuwa da sassafe su gama su watse ba su sha ko ruwan gidan ba.

Yau gayyar gona ta ja baya. Rabon gado ya mayar da gandu ƴan filaye, garmar shanu da maganin feshi sun rage buƙatar hannu, samari kuma sun fi son ƙwadago ko dako a kasuwar Dawanau, inda ake biya kafin magariba. Ba laifinsu ba ne. Taki da kuɗi ake sayensa.

Sai dai halin bai mutu ba, wuri ya sauya. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai su ne magadansa. Su ke cike hanya da marmara idan damina ta yanke ƙauye daga titi, su yashe rijiya, su share maƙabarta su toshe kaburburan da ruwa ya zaftare, su ɗora rufin ajin Islamiyya. Ƴan agaji na tsare sahu ranar Idi, su kai mara lafiya asibiti. Mata kuma, da ba a cika ambatonsu ba, adashinsu da gudummawar biki sun tsamo gidaje da yawa daga kunya.

Abin da na fi ji wa tsoro shi ne kuɗin siyasa. Da zarar an miƙa wa shugaban ƙungiya ambulan a ɓoye, sauran sai su ajiye shebur su ce a raba tukuna, amanar da aka yi shekaru ana ginawa ta rushe a kakar zaɓe guda. Shugabannin ƙananan hukumomi da ƴaƴan ƙauye mazauna birni, in za ku taimaka, ku kawo siminti da baro da kwalbati, ku sauke su a ƙofar mai gari da rana tsaka kowa na gani. Ƙarfin aikin akwai shi a ƙauye.