Irin da Ke Gindin Tukunya

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa manyan mutanen Barbushe a gindin Dala, har da maƙeri da mai magani da wani Bugazau, mai dafa giya. Ke nan sana'ar ta riga Musulunci zama a ƙasar Kano. Ragowarta na nan a gidajen Maguzawa na yamma, wajen Ƙaraye da Rogo, ko da yake Shari'ar da aka ƙaddamar a 2000 ta tura ta bayan danga.

Hukuncin burkutu malamai sun gama magana a kansa. Ni abin da ke kwance a gindin tukunya nake bi.

Aikin na mata ne. A jiƙa dawa, a lulluɓe ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ruwan ya yi tsami, a sake ɗorawa a wuta. Duk wannan wahala ba ta haifi komai ba sai an zuba lakar da aka rage daga dahuwar baya. Ita ce iri. A zuba ta ruwa na da zafi, ta mutu. A yi jinkiri, wasu ƙwayoyin su riga ta shiga, abu ya lalace. Da bayan hannu ake gane lokacin, ba da ma'auni ba. Tsohuwar tukunya ma tana taimakawa, domin yumɓu na riƙe ƙwayoyin a ƙananan kafofinsa.

Sai a 1883 Emil Hansen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke Denmark, ya ware ƙwayar yis guda ya hayayyafa ta ita kaɗai. Masana'antu suka bi hanyarsa don kwalbar yau ta yi daidai da ta jiya. Lakar Bamagujiya kuwa taron dangi ce, yis da ƙwayoyin tsami a cakuɗe, shi ya sa dahuwar kowane gida take da nata hali.

Abin da ba mu cika lura da shi ba, wannan ilimi bai tsaya a gidan Maguzawa ba. Bafulatana takan zuba ɗan nonon jiya cikin madarar da ta dafa ta huce, gari ya waye da kindirmo. Mai waina ta dā takan rage ƙullu a gindin ƙwarya don ya tayar da na gobe, in nata ya ƙare ta aika yarinya maƙwabta. Dabara ɗaya ce, addini ne ya raba abin da ake zubawa a tukunyar.

Hisbah na fasa kwalabe, amma a ganina yis ɗin leda ya fi yi wa iri illa, kuma a ɗakin girkin Musulmi ya yi ta. Cokali guda, ƙullu ya tashi cikin 'yan sa'o'i, wainar ta fito da laushi, babu wannan ɗan tsamin da ke sa tsofaffi neman ƙarin miyar taushe.